Jinin Alhaji Bukar

Abu na farko da ƙasar Indiya ta karɓa daga hannunmu kifi ne. Yaya Ado ya ƙunso bandar tarwaɗa a tsohon zani, ya cusa a ƙasan jaka, wai kada bakinsa ya manta gida. Ma'aikacin filin jirgin Delhi ya buɗe ƙunshin, ya toshe hanci, ya jefa shi a wata ganga. Yaya ya tsaya yana kallon gangar, idanunsa sun koma ruwan ɗorawa saboda shawara, hannunsa ɗaya riƙe da wando kada ya zame. Shi ya riƙe ni tun rasuwar mahaifinmu, kuma da kifin nan ya yi mini karatu har na zama malamin Turanci a sakandare. 

Muna nan tsaye sai ga Alhaji Bukar ya wuce ta ɗaya layin, matarsa Hajiya Yagana na biye da shi. Ba wanda ya ko taɓa jakarsu. Daga baya na ga abin da ke ciki: kifi, kuka, daddawa, har da man shanu.

Alhaji Bukar ba baƙonmu ba ne. Rumfarsa tana kallon ta Yaya a kasuwar kifi ta Haɗeja. Iyayensa daga bakin Tafkin Chadi suka zo, kuma tun ina yaro nake ganin motocin 'yan kudu suna fara tsayawa a ƙofarsa kafin su waiwayi tamu. Yaya bai taɓa damuwa ba. Ni nake damar masa. To, sai ga shi ciwo iri ɗaya ya kama su a shekara ɗaya, ciwon daji a fankiriyas, wata tsoka da ke kwance a bayan tumbi, wadda ban taɓa sanin Allah ya halitta ba sai da ta tashi kashe mini ɗan'uwa. Dillali ɗaya ya haɗa mana tafiyar, ya zuba mu a jirgi ɗaya.

Dillalin nan ya rantse mana cewa masaukinmu yana jikin katangar asibiti. Direban da ya aiko ya yi ta kutsawa da mu cikin lunguna har na cire rai, sannan ya sauke mu a wani dogon bene mai warin albasa da magani. Asibitin ko hasumiyarsa ba a hangowa. Na kira dillali, waya a kashe, kuma haka ta zauna har muka baro ƙasar. Ɗakuna biyu suka rage a benen. Kafin in gama taimaka wa Yaya hawa matakala, Hajiya Yagana ta riga ta shimfiɗa darduma a mai tagar. Namu kuwa fitila ce ranarsa.

"Ya'u, saki fuska mana," in ji Yaya. "Kwana muka zo yi ko kallon gari?"

Washegari muka je asibiti. Likitar wata 'yar ƙaramar mace ce mai furfura, ba ta da yawan dariya. Da yake ni kaɗai ke jin Turanci, sai na zama tafintan gida biyu, ba wanda ya nemi shawarata. Ta zana mana cikin mutum a takarda, ta nuna inda za a yanke kan tsokar, da wani yanki na hanji, da madaciya, sannan a sake ɗinke abin da ya rage. Ta ce aiki ne babba, ba kowane jiki ke ɗaukarsa ba, don haka ba ƙarin da ke jikin tsokar kaɗai take dubawa ba, jini ma yana da abin faɗa.

Na roƙe ta ta yi bayani a hankali, ta kuwa yi. Fararen ƙwayoyin jini, in ji ta, akwai masu tashi idan jiki ya kama kumburi, akwai kuma masu tsare jiki daga irin wannan ciwo. Idan na farkon suka rinjayi na biyun da yawa, ba a son haka. Akwai wani sinadari da hanta ke fitarwa idan kumburi ya yi ƙarfi, akwai wani kuma da ke raguwa idan jiki ya rame. Masu irin wannan jini sau da yawa ɗinkinsu ba ya kamawa da wuri, ko kuma ciwon ya dawo bayan an sha wahalar yanka. Ta ɗaga yatsa ta ce, "Ka gaya musu alama ce, ba hukunci ba."

Aka ɗebi jininsu. Da muka koma jin sakamako, Alhaji Bukar aka fara kira. Likita ta juyo mana da kwamfutarta. Duk lambar da ta wuce ƙa'ida ja take fitowa, wadda ke daidai kuma baƙa. Na Alhaji baƙaƙe ne reras, in ban da guda ɗaya a can ƙasa.

"Me ta ce, Malam?" Hajiya ta tambaya, ta damƙe bakin mayafinta.

"Ta ce jininsa da kyau. Za a sa masa rana."

Da bakina na faɗa. Hajiya ta ɗaga hannu tana hamdala, Alhaji ya kama hannuna ya girgiza kamar ni na yi masa jinin. Sannan aka shigo da Yaya. Tun kafin likita ta buɗe baki na ga allon, ja daga sama har ƙasa. Ta ce za a sa masa ɗan bututu ta baki don ruwan madaciyar da ya toshe ya samu hanya, a ba shi maganin ƙwayoyin cuta, ya dage da cin abinci, sannan a sake gwaji. In jan ya sauka za ta yi aikin. In bai sauka ba, ba za ta sa masa wuƙa ba.

Wallahi a hanyar komawa ban yi tunanin mutuwa ba. Abin da ke yawo a kaina shi ne: har a jini ma? Rumfa ya fi mu, taga ya fi mu, yanzu kuma abin da ke gudu a cikin jijiya, inda ba wayo ba dabara, nan ma ya fi mu.

Aka sa bututun, muka shiga zaman jira. Kullum da rana Hajiya Yagana takan aiko mana da tuwon shinkafa da miyar kuka, da kifin da aka bar su suka shigo da shi. Yaya ya yi loma biyu ya ture. Ni in cinye sauran ina jin haushi, don miyar tana da daɗi. Ta bangon ɗaki nakan ji Alhaji yana neman ƙari. In za mu sallah a saman bene, nakan tsaya a baya ina kallon yadda yake hawa matakala bai dafa bango ba, alhali ya girmi Yaya. Na kai ga in ya yi tari sai in kasa kunne, in ji ko zai sake.

Yaya ya lura. "Kai, Ya'u, wannan kallon da kake wa bawan Allahn nan, gadonka ya ci?"

"Ni ina ruwana da shi."

"Shi ma fa marar lafiya ne."

"Na ga alama," na ce, na fita.

A bakin lungunmu akwai wani tsoho ɗan Afganistan da ya kawo matarsa wankin ƙoda. Ba ya jin yarena, ba na jin nasa, sai sallama. Duk lokacin da ya gan ni zaune a dakali na haɗa kai da gwiwa, sai ya ɓare rumman ya miƙo mini rabi, mu ci shiru. A dakalin nan nake kiran gida. Su ce ruwa ya fara kawowa, ƙarfasa ta yi arha, an fara fitar da kwalekwale daga cikin ciyawar kacalla. Sai in rufe ido in ji warin hayaƙin banda a hancina, in buɗe in ga shanu suna cin kwali a bakin kwata.

Wata rana bayan azahar Alhaji ya tuɓe riga a saman bene yana shan iska, Yaya ya ga bayansa cike da tabon ƙaho, tsoho da sabo.

"Alhaji, yaushe ka yi wannan?"

"Ana gobe za mu taso. Ai ni shekara ba ta juyowa ban sa an zuƙe mini mataccen jini ba. Kakana na wajen uwa wanzami ne, a gabansa na tashi."

 Da muka sauko ɗaki Yaya ya ce, "Ka ji inda mutumin nan ya fi ni. Shi ya zubar da nasa a gida, ni na ɗauko nawa na kawo wa likita."

"Yaya, ba haka ta ce ba. Ba jinin ne ya mutu ba, ciwon ne yake sa jiki kumburi, jinin yana nunawa kawai."

"Ta ce jinina ba kyau ko ba ta ce ba?"

"Ta ce, amma..."

"To, Turancinka ya ƙare a nan. Mu tun kafin a haife ka muka san abin da ake yi wa jinin da ba kyau."

Na ɗauka magana ce ta wuce. Ranar da na tafi ofishin rajistar baƙi don a ƙara mana izinin zama, na wuni a layi, na dawo da la'asar a gajiye. A matakala na ci karo da Hajiya Yagana, ba mayafi, ba takalmi.

"Malam, yi sauri! Jinin ya ƙi tsayawa!"

Na tarar da Yaya kwance rub da ciki a kan katifa. Ga ƙananan kofunan shayi na gilashi a gefe, ga reza, ga ashana. Alhaji Bukar ya durƙusa yana danna masa rawaninsa a baya, rawanin ya jiƙe sharkaf. Tsagar ba ta da zurfi, irin wadda ake wa kowa ce, amma jinin yana ta tsattsafowa ba ƙaƙƙautawa. Ashe mai shawara irin ta Yaya jininsa ba ya daskarewa da wuri. Ba wanda ya sani a cikinmu. Tsohon nan ɗan Afganistan ne ya tare mana mai adaidaita sahu, ya kama ƙafafun Yaya muka sauko da shi.

Likita ta ga bayan Yaya, ta dube ni, ta ce, "Wa ya yi wannan?" Ban taɓa jin daɗin amsa tambaya kamar ranar ba. Na nuna Alhaji da yatsa.

Aka ce sai an ƙara masa jini, kuma a ƙa'idarsu sai dangi sun ba da madadin abin da aka ɗauka. Na ba da nawa. Ina fitowa na ga Hajiya Yagana ta naɗe hannun riga tana jiran layi. Ban ce mata ta bari ba, ban kuma ce na gode ba. Na wuce wurin mijinta da ke zaune a benci, hannunsa duk busasshen jini.

"Naka ya yi kyau, shi ne ka zo ka ƙarasa nasa?"

"Malam Ya'u, wallahi roƙona ya yi ta yi. Na ce a jira ka, ya ce..."

"An sa maka rana, an ba ka taga, me kuma kake nema a wurinmu?"

Dattijo da furfurarsa ya sa hannu ya rufe fuska yana kuka, mutane suna wucewa suna kallonmu. Ni kuwa ko a jikina.

Tsagar ta yi ruwa, zazzaɓi ya rufe Yaya, aka kwantar da shi. Jan da muke jira ya sauka sai ya ƙara hawa. Ana cikin haka ranar aikin Alhaji ta zo. Na ce ba inda za ni, su nemi tafinta a kasuwa. Yaya ya buɗe ido da ƙyar ya ce in matso.

"Ni na sa shi. Har cewa na yi in bai yi mini ba ban yafe masa maƙwabtaka ba. Yanzu ka tashi ka je. Matar nan ba ta jin ko zo in kashe ka da yarensu."

"Yaya, ni fa..."

"Ya'u, ni na aike ka."

Na je. Na wuni a benci tare da Hajiya, tana jan carbi, ni ina kallon ƙofa. Na yi addu'a, ba zan ce ban yi ba, amma rabinta ta Yaya ce. Da likita ta fito ta ce an cire ƙarin gaba ɗaya, ni na juya wa Hajiya maganar zuwa Hausa. Bayan 'yan kwanaki aka sake gwada jininsa, likita ta ce alamar kumburin tana sauka yadda ake so, wato ɗinkin cikin ya kama, ba ya yoyo. Wannan ma ni na faɗa. Duk wani albishir da gidan nan ya samu a ƙasar Indiya ta bakina ya bi.

Zazzaɓin Yaya ya sauka, bayansa ya warke, shawarar ma ta ragu. Aka sake ɗibar jini, na shiga ofishin likita ni kaɗai. Ja ne, kusan yadda yake tun farko. Ta ce wannan ya sa ta sake ɗaukar hoton cikinsa, ta nuna mini wasu 'yan ɗigo a hanta. Ciwon ya riga ya tsallaka. In ta yanka shi yanzu, wahala kawai za ta ƙara masa.

"Ƙahon nan ne ya jawo, ko?" na tambaye ta.

Ta girgiza kai. Ta ce abin da aka yi masa ganganci ne, ya kusa kashe shi, amma ba shi ya kai ciwon hanta ba. Mai yiwuwa ɗigon suna nan tun kafin mu zo, sun yi ƙanƙanta ne hoto bai kama su ba, kuma tana zaton abin da jinin ke nunawa ke nan tun ranar farko.

"Amma jinkirin da aka samu fa?"

"Ban ga abin da ya canza ba."

Na so ta ce shi ne. Wallahi na so. Da na samu wanda zan riƙe har ƙarshen rayuwata, in ce ga wanda ya kashe mini ɗan'uwa. Matar nan ta hana ni ko wannan.

A wurinmu ba a gaya wa marar lafiya irin wannan magana kai tsaye, don haka na shirya abin da zan ce tun daga matakala. Na ce likita ta ga ya fi kyau mu koma gida a ci gaba da magani a Kano, in ya ƙara ƙarfi a dawo. Yaya ya dube ni har na sunkuyar da kai.

"Ba za a yanka ba ke nan."

Na gyaɗa masa kai.

"To, alhamdulillahi. Kai ni gida, ruwa ya kawo, yara ba su iya sayen kifi ba, masunta za su yi ta cutarsu."

Kafin mu taso ya sa na tura shi a keken marasa lafiya zuwa gadon Alhaji. Suka riƙe hannun juna suna maganar farashin itacen banda, kamar a rumfa suke. Ni na tsaya a bakin ƙofa. Robobi ne ke fita daga cikin Alhaji ta ko'ina, ya rame ya yi baƙi, ko ruwa ba a ba shi sai a jiƙa masa leɓe. Na dube shi a wannan hali na ji da ma Yaya ne.

Mun iso Haɗeja kogi ya cika har ya shanye gonakin bakin gada. Yaya ya samu ya je rumfa 'yan lokuta, a ɗauke shi a adaidaita sahu, ya zauna a kujera yana yi wa yara faɗa kan wuta. Daga baya ya daina fita. Ya rasu ana tsakiyar yankan shinkafa, da hantsi, kansa a kan cinyata.

Alhaji Bukar bai samu jana'iza ba, yana can ana ƙarasa masa magani. Ya dawo bayan an share makoki, kuma ko gidansa bai kwana ba ya zo gaisuwa. Muna zaune a tabarma a ƙofar gida da 'yan kasuwa. Ya sauko daga mota da sanda, rigarsa ta yi masa yawa. Ya durƙusa a gabana, dattijo da shi, ya ce, "Malam, ya haƙuri? Allah ya jiƙan Ado, ya sa ya huta." Na amsa yadda ake amsawa. Aka yi addu'a aka shafa.

Sai hira ta koma kansa. Wannan ya ce yaya aikin, wancan ya ce da gaske ne an cire masa rabin hanji. Wani mai sayar da gishiri ya ce, "Alhaji, don Allah mu gani mana." Ya ƙi, ya dube ni, suka matsa masa. A ƙarshe ya ɗaga rigar a hankali.

Tabon ya taso daga ƙarƙashin haƙarƙarin dama, ya lanƙwasa ya bi saman ciki har hagu, mai kauri, da sawun zare a gefe da gefe. Mutane suka ɗauki salati. Wani ya kau da kai, wani ya ce kai, wannan ai yankan rago ne, Allah ya raba mu da gani.

Ni ban kau da kai ba. Ni na wanke Yaya da hannuna, na san yadda cikinsa yake: sumul, ko ƙwarzane babu. Na yi wa mutumin nan hassadar rumfa, na yi masa ta jini, amma ban taɓa son wani abu nasa kamar yadda na so wannan mummunan tabon a cikin ɗan'uwana ba.

"Sauke rigarka, Alhaji," na ce. "Akwai iska."